Lallen Hannun Hagu a Kabul

A Dubai aka fara cutata, kuma wanda ya cuce ni Bakano ne, da Hausarsa tsaf irin ta cikin badala. Yanzu idan na tuna dariya nake yi, amma a lokacin kuka na sha.

Sunana Rabi, a Sheshe aka haife ni, a gidan da mata ke sallama tun hantsi a yi musu kitso da lalle. Sana'ar Innarmu ce, ita ma a hannun tata uwar ta gada. Na yi aure, muka zauna shekara shida a Makka da maigidana. A can na tsinci Larabci, na kuma koyi dilka da halawa wurin wata maƙociyarmu 'yar Sudan. Bayan mun dawo ya rasu, ya bar ni da 'ya'ya uku. Da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, aka buɗe wani ɗan wurin koya wa mata sana'a a Shahuci, aka ɗauke ni ina koyar da gyaran jiki. A nan wata likita Balarabiya mai aiki da wata ƙungiyar agaji ta ga aikina. Ta ce suna neman malama Musulma mai jin Larabci da za ta je Kabul wata tara, ta koya wa matan da yaƙi ya raba da mazajensu sana'ar da za su riƙe kansu. Na ce mata ni Kabul a rediyo kawai nake jin sunanta. Ta ce su ma ai ba su san Kano ba. Inna ce ta yanke maganar, ta ce in bar mata yaran in je in ga duniya.

To, a Dubai za mu canza jirgi. Ina da ƙatuwar jakar bakko, a ciki akwai garin lallen da Inna ta daka ta tankaɗe da hannunta, da turaren wuta, da humra, da kuka da daddawa da yaji. Ma'aikacin jirgi ya ce kayana sun yi nauyi. Ina tsaye ban san abin yi ba, sai ga wani mutum cikin farar shadda.

"Hajiya, daga gida? Wace unguwa?"

Na ce Sheshe.

"Ikon Allah. Ni ɗan Goron Dutse ne. Kada ki damu, aikina ke nan, tura kaya. Kawo jakar in saka miki a jirgin kaya, za ta riga ki isa."

Jin Hausa kawai ya sa zuciyata ta kwanta. Ya ɗauki jakar da kansa, ya dawo ya miƙo mini wata takarda mai rubutun Turanci da hatimi, har ya saya mini ruwan sha, ya ce in gaida mutan Kabul.

Zango na biyu Islamabad. Kwana biyar na yi a wani masauki ina jiran ƙaramin jirgin da zai kai mu. Kullum sai na tambayi jakata. Rana ta uku wani ma'aikacin ƙungiyar ya karɓi takardar ya duba gaba da baya, ya ce, "Malama, wannan takardar shagon wanki da guga ce." Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Ba kayan ne suka fi yi mini ciwo ba, lallen Inna ne, don na san da ciwon baya ta daka shi. Mai dafa abincin masaukin, wata dattijuwa mai ɗan kunne a hanci, ta leƙo ta gan ni. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta fita ta dawo da shayi mai madara da gurasa mai zafi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta yi ta gutsura tana miƙo mini kamar yarinya, har na cinye. Ban taɓa sanin sunanta ba. Har gobe tana cikin addu'ata.

Da sanyi Kabul ta tarbe ni. Na ɗauka na san sanyi, ashe wasa muke yi a Kano. Duwatsu sun kewaye garin, kawunansu fari fat. Muka ratsa unguwannin da gidaje suka rushe, bango a tsaye ba rufi, duk jikinsa huji-huji na harsashi, amma sai ka ga an rataya bargo a ƙofa, hayaƙi na fita, mutane na ciki. Gidajen ƙasa ne irin namu, da lunguna, da zaure. Wani lungun idan na shiga sai in ga kamar zan ɓulla Mandawari.

Makarantar wani tsohon gida ce mai bene. Shugabar Baturiya ce, Madam muke ce mata, mai ƙoƙari ƙwarai amma ba ta son wasa da lokaci. Ita ke koyar da yankan gashi da rina shi, ta zo da na'urorin busar da gashi guda shida, sai dai wutar lantarki ba ta zuwa sai ta ga dama, don haka yawanci a jere suke kamar kayan ado. Tafintata sunanta Nasrin, budurwa ce da ta tashi a gudun hijira, tana jin Larabci sosai. Ita ce bakina, ita ce kunnena.

Ranar farko mata ashirin suka shigo cikin shuɗin lulluɓin nan da ke rufe har ido. Suna shiga suka yaye suka rataye a ƙusa, sai ga fuskoki, wasu yara ƙanana, wasu sun girme ni. Suka zuba mini ido. Ɗaya ta matso ta shafa bayan hannuna ta duba yatsanta, sauran suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Da azahar ta yi na nemi buta na yi alwala na tayar da salla, ina idarwa na ga duk suna kallona. Wata ta yi magana, Nasrin ta ce, "Tambaya take, wai a ƙasarku ma akwai Musulmi?" Na karanta musu Fatiha da Ƙulhuwallahu. Tun daga ranar suka sa mini Khala, wato Inna.

Kayan aiki kuwa ba ni da ko cokali ɗaya. Nasrin ta kai ni kasuwa, muka samo lalle, da sukari, da lemon tsami, da kurkum, da itacen sandal. Na dafa halawa a kan risho, na haɗa dilka da abin da ya samu. Na shigo da niyyar ni ce malama, sai na tarar wasunsu sun daɗe suna gyara amare a ɓoye a cikin ɗakunansu, tun lokacin da yin hakan ke jawo bulala. Su suka koya mini gyaran gira da zare, suna yi mini dariya ina cije zaren da haƙori yana kuɓucewa. Ni kuma na nuna musu yadda muke murza jiki, da turara kaya, da jan lallen Kano mai salatif, da zanen da ake yi da 'yar leda mai tsini.

Kewar gida ta fi kama ni da la'asar. Abincinsu mai daɗi ne, shinkafa da zabibi da karas, amma wata uku ban ga tuwo ba. Ina da ƙaramar rediyo, sai in hau bene in yi ta juya ta har in kamo Hausa tana shashshaka. Ko labarin rikicin 'yan siyasa ake yi, ni daɗi nake ji. Sai in rufe ido in ga tsakar gidanmu, Inna a kan kujera 'yar tsugunno da kan wata a cinyarta, autata Ummi tana miƙa mata man kitso.

A cikin ɗalibaina akwai Shirin. Ba ta magana, a ƙarshen layi take zama, hannunta na dama kullum a cikin mayafi. Sai da muka yi sati biyu na ga dalili. Babban yatsa da manuni da na tsakiya babu su. Nasrin ta gaya mini nakiya ce ta tashi da su suna dawowa daga ƙauye, mijinta ya mutu a wurin, ita ta rasa yatsu. 'Ya'yanta biyu mata, suna zaune a gidan wan mijinta mai sayar da dankali a kura. Gidan ya yi masa nauyi, har ya fara maganar zai kai yaran wurin masu saƙar darduma su riƙa kwana can suna aiki. Shirin ta roƙe shi ya ba ta wata shida.

Madam ta kira ni ofis, Nasrin na fassara. Ta ce Shirin ba za ta iya riƙe almakashi ba, kuma akwai mata da yawa a waje suna jiran gurbi, gara a ba wa mai hannu biyu.

Na ce, "Ki ce mata ni ban zo da almakashi ba."

Ta ce ba za a ba da takardar shaida ga wadda ba ta iya komai ba.

Na ce a bar mini ita sati shida. In ba ta iya ba, ni da kaina zan raka ta gida.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce sati shida, ba ƙari.

Washegari na zaunar da Shirin na ba ta ledar lalle a hannun hagu. Layin farko ya fita kamar tafiyar tsutsa. Ta ajiye ta ce ba za ta iya ba. Na nuna mata da damana, sai ta faɗi wata magana a hankali. Nasrin ta fassara: "Ta ce ke ai da hannunki kike yi, Khala."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na cire ɗankwalina na ce Nasrin ta ɗaure mini hannun dama a baya. Na ɗauki leda da hagu. Ni da na shekara talatin ina zane, furen da na yi ko Ummi ba za ta yarda nata ne ba. Ajin ya ɗauki dariya, sai na ji wata 'yar dariya a gefena da ban taɓa ji ba. Shirin ce, ta rufe baki da mayafi.

Haka muka yi ta yi kullum bayan an tashi, ni da ita, kowa da hagunsa. A kan takarda muka fara, muka koma kan faranti, sannan hannun Nasrin, wadda ta yi wata guda tana yawo da zane a karkace. Shirin ta gano cewa in ta danne hannun mutum da ragowar yatsunta biyu na dama, ya fi tsayawa cak. A sati na huɗu ta wuce ni. Ba faɗa nake don daɗin baki ba, ni haguna har yau bai iya ba. Da sati shida suka cika Madam ta miƙa nata hannun, Shirin ta zana mata reshe daga wuyan hannu zuwa ƙaramin yatsa. Madam ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a rubuta sunanta cikin masu ci gaba.

Ba a yi kwana goma ba Shirin ta daina zuwa. Kwana uku shiru. Muka ji wan mijin ne ya hana, wai maƙota suna cewa kafirai ke lalata mata a gidan nan. Na ce da Nasrin ta kai ni. Ta ce ba a yin haka. Na ce a garinmu ma ba a yi, amma mu je.

Gidan yana kan dutse, mun hau har numfashina ya kusa ɗaukewa. Na zaci zan ga mugu. Sai na ga wani ramammen mutum, gemu duk furfura, tafin hannu a tsage saboda sanyi. Ya shimfiɗa mana bargo, aka kawo koren shayi, ya zauna daga bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na yi masa ta'aziyyar ƙaninsa tukuna. Sannan na ce ni ma mijina ya rasu, marayu uku na baro a gida.

Ya ce, "To me ya fito da ke har nan? Ba ki da 'yan'uwa maza?"

Na ce, "Ina da su, Baba, kowa da nasa nauyin kamar yadda kake da naka. Mu bakwai uwarmu ta raina da kitso da lalle, kuma ba ta taɓa taka bakin zaure don sana'a ba. Mata ke zuwa su same ta. Abin da nake koya wa Shirin ke nan. Ba shago take buƙata ba, ɗaki ɗaya da kwano ya ishe ta."

Ya ce mutane suna magana.

Na ce, "Masu maganar, akwai wanda ya taɓa aiko maka da gurasa don yaran nan?"

Nasrin ta dube ni, na ce ta fassara yadda na faɗa. Ta fassara. Can ya ce shi ma ba son kai su saƙa yake ba, ya ga yadda idon yaran can ke lalacewa. Ya ce Shirin ta ƙarasa karatun, amma aiki a cikin gida za ta yi. Da za mu tafi ya cika mini mayafi da dankali, na ƙi, ya rantse. Haka na sauko dutsen nan da dankali a goye.

Amaryar Shirin ta farko 'yar maƙotansu ce, bayan ƙanƙara ta narke. Na je don in tsaya mata. Mun murza amarya, mun turara ta, ɗaki ya ɗau ƙamshi har mata na leƙowa. Da aka zo lalle Shirin ta fito da hannunta, uwar amarya ta gani, ta janye 'yarta. Ta ce ba da wannan hannun ba, baƙar malamar ta yi. Na ga Shirin ta fara mayar da hannun cikin mayafi. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta riga ni. Nasrin ta raɗa mini abin da ta ce: "Ki ba ni hannunki ke tukuna. In bai yi miki ba, ki wanke, ni kuma in tafi."

Matar ta miƙa hannu tana yamutsa fuska. Shirin ta danne shi da yatsun nan biyu, ta fara. Irin furanninsu ta yi, ta kewaye su da layukanmu na Kano. Kafin ta gama bayan hannu ɗaya, ƙanwar matar ta naɗe hannun riga ta zauna a layi. Uwar amarya ba ta ba da haƙuri ba, amma da kanta ta jawo 'yar ta zaunar a gaban Shirin, ta kuma kawo wa Shirin matashi ta jingina. Ni ranar ban taɓa leda ba, riƙe kwano kawai na yi.

Sati biyu bayan nan Shirin ta shigo makaranta da yaranta biyu, sanye da baƙar riga da farin ɗankwali, kayan 'yan makarantar boko na can. Ta tsayar da su a gabana tana gyara musu wuyan riga.

Wata tara suka cika kamar jiya na zo. Madam ta ce in ƙara shekara, na ce yarana. Ranar sallama suka dafa shinkafa, aka yi kiɗan ganga irin tasu, suka tilasta mini rawa. Da yamma ta yi Shirin ta kama hannuna ta zaunar da ni. Ta ce ba zane za ta yi mini ba, zane sati biyu ne ya goge. Ta kwaɓa jan lalle mai kauri ta ɗora mini a farce goma, ɗaya bayan ɗaya, tana naɗe kowanne da tsumma. Ta ce, "Wannan ba ya fita sai farcen ya fita. Kafin nan kin saba da rashinmu." Na ce ta gaida Baba mai dankali. Muka rungumi juna, ƙamshin sandal a jikinta.

Na dawo na tarar da Kano ta cika da hotunan 'yan takara har a bangon gidanmu, Ummi ta yi tsawo, Inna ta ƙara tsufa. Tuwon da aka yi mini ranar, sai da na ci malmala uku. Mata suka yi ta zuwa sannu da zuwa, kowa na tambaya ko ban ji tsoron bom ba. Na ji, mana. Amma ba shi nake tunawa ba.

Wasiƙa ɗaya na samu daga Nasrin, ta hannun likitar nan. Ta ce Shirin ba ta da hutu lokacin bukukuwa, har ta ɗauki mata biyu tana koya musu, kuma wai dole sai sun fara da hagu. Na ba da amsa, ban sani ba ko ta isa. Daga nan likitar ta bar Kano, hanya ta yanke. Duk sanda na ji an ambaci garin a rediyo, kuma ba kasafai ake ambatarsa da alheri ba, sai in ajiye abin da nake yi in kira sunayensu ɗaya ɗaya in yi musu addu'a.

Lallen kuwa ya yi abin da Shirin ta ce. Farce na fitowa fari daga tushe, jan yana matsawa gaba, ina yankewa kaɗan kaɗan. Na ƙi sa wani a kai, duk da mata na cewa mai lalle da farce rabi ja rabi fari abin kunya ne. Wajen wata biyar ya rage ɗan siriri a bakin babban yatsana na hagu, sauran duk sun tafi. Wata Juma'a da safe Ummi na yanke mini farce a tsakar gida, ta yi tara, ta kamo na goman ta sa reza.

Na janye hannuna.

Ta ce, "Umma, ai ya yi tsawo, zai karye."

Na ce, "Na sani. Bar shi ya ƙara sati."